Wa Ke Koya Wa Ɗan Ƙauye Rubutu da Magana a Jami'a?

Yaron da ya tashi a Miga ko Albasu zai iya samun gurbi a jami'a ba tare da ya rubuta jimla ko ɗaya a jarrabawar JAMB ba. Tambayoyinta duka na canki-canka ne, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake amsa su. A WAEC ne ake neman ya rubuta insha'i mai kalmomi kamar 450, ya kuma taƙaita wani rubutu da aka ba shi. Ɓangaren furuci na wannan jarrabawa kuwa, a Nijeriya ba da baki ake yin sa ba: tambayoyi 60 a kan yadda ake furta sautukan Turanci, ɗalibi ya amsa su tas bai buɗe baki ba. Bayan shekara huɗu ko biyar, wannan yaron dai shi za a ce ya kawo kundi mai babi biyar, ya tsaya gaban malamai ya kare shi da Turanci, su yi ta jefo masa tambayoyi.

Uban da ya sayar da riɗinsa, ko ya kora bijiminsa zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a don ya haɗa kuɗin rajista, ɗauka yake akwai wani malami takamaimai da aka ajiye don ya koya wa ɗansa waɗannan abubuwa biyu, rubutu da magana. Aikin kuwa a warwatse yake a hannun mutane daban-daban, kowa da inda ya fito da abin da aka ɗauke shi ya yi. Wasu suna da ofis da albashi, wasu ko sunansu babu a takardun jami'a. Kuma a cikinsu babu wanda za a riƙe a ce laifinsa ne idan yaro ya gama bai iya rubuta takardar neman aiki ba.

Kafin a zo kansu, ya kamata a san da me yaron ya shigo. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen gida a shekarun farko na firamare, daga nan a koma Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai abin har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma ta soke, ta ce a koma Turanci. Duk wannan kai-kawon a Abuja ake yin sa. A ajin ƙauye abin da aka saba shi ake yi: malami ya rubuta darasi a allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa. A sakandare sau da yawa malamin Turanci ɗaya ne ke zagaya azuzuwa, ko ɗan bautar ƙasa wanda bai jin Hausa kuma shekara na cika zai ɗauki jakarsa. Yaron zai fito da rubutun hannu mai kyau da ƙarfin hadda, amma da wuya a ce an taɓa sa shi ya rubuta abin da ke ransa, an karanta, an dawo masa da shi da gyara, ya sake.

Mutum na farko da zai tarbe shi a jami'a shi ne malamin kwas ɗin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa kowane ɗan aji ɗaya, ko likitanci ya zo karanta ko aikin gona. A manhajar hukumar lambarsa GST 111, wasu jami'o'in kuma suna da tasu lambar. A tsohuwar manhaja kwas ɗin kashi biyu ne, zango na ɗaya da na biyu, ga kuma wani daban na koyon amfani da laburare. Sabuwar manhajar da aka ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ake kira CCMAS, ta rage kwasa-kwasan bai-ɗaya zuwa shida, kuma na Turanci ya koma ɗaya tak mai nauyin kiredit biyu. Abin da aka zuba a cikinsa kuwa ya isa shekara biyu: sautukan Turanci, nahawu, tsara sakin layi, taƙaitawa, rubuta wasiƙa da rahoto da takardar bayanin kai ta neman aiki, haƙƙin mallakar rubutu, tunani bisa hujja, har da magana a gaban jama'a. A takarda an ware masa sa'a 15 na lacca da sa'a 45 na gwaji. Wato waɗanda suka tsara shi sun san cewa rubutu da hannu ake koyonsa, ba da kunne ba.

To su wane ne ke koyar da shi? Galibi malaman sashen Turanci ne ko na kimiyyar harshe. Wannan asali nasu yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Sashen Turanci a jami'o'inmu hanya biyu yake da ita: ko ka bi harshe, ka ƙware a nahawu da ilimin furuci da ma'ana, ko ka bi adabi, ka ƙware a nazarin waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari. Duka biyun ilimi ne mai zurfi. Amma yadda za ka zaunar da wanda bai iya rubutu ba ka kai shi ga iyawa fanni ne mai zaman kansa, kuma kaɗan ne daga cikin malaman suka karance shi. Saboda haka kowa abin da ya iya yake bayarwa. Mai nahawu ya cika allo da rabe-raben kalmomi da ire-iren jimla, mai adabi ya kawo labari a yi sharhi. Ɗalibi ya haddace cewa jimla iri huɗu ce, ya ci jarrabawa, alhali in an ce ya rubuta wa hakimi takardar koke kan rijiyar burtsatse da ta lalace sai ya tsaya yana cizon biro.

Akwai kuma maganar matsayi. Tsanin malanta a jami'a daga mataimakin malami mai digirin farko yake farawa, ya bi ta ƙaramin lakcara da lakcara na biyu da na ɗaya da babban lakcara, har zuwa farfesa. Kwas ɗin 'yan aji ɗaya yawanci a kan na ƙasa-ƙasa yake faɗawa, waɗanda su ma a lokacin suna fama da nasu digiri na biyu ko na digirgir. Sabbin jami'o'i kuma, kafin su tara nasu malaman, sukan yi aro daga tsofaffi. Yankinmu cike yake da sabbin: ta Wudil ta fara a 2001, ta tarayya da ke Dutse a 2011, ta Kafin Hausa a 2013, ga ta fasaha a Ɓaɓura daga baya. Malamin aro zai taso daga Kano da safe, ya yi laccarsa, ya kama hanya kafin magariba. Ba shi da lokacin da ɗalibi zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da takarda a hannu.

Babban abin da ke karya su shi ne yawa. A ƙaddara malami yana da ɗalibai 800, abin da ba baƙo ba ne a kwas ɗin da kowa ke yi. Ya ba su aikin shafi ɗaya, ya ware wa kowace takarda minti biyar kacal. Sa'a 66 ke nan da ɗoriya a kan aiki guda, ban da sauran kwasa-kwasansa, ban da iyali. Kuma ranar da za a duba takardunsa don ƙarin girma, maƙalun da ya wallafa a mujallun ilimi za a ƙirga. Babu gurbin da za a rubuta cewa ya kwana yana gyara wa 'yan aji ɗaya sakin layi. Mutum mai hankali ya san inda zai kai ƙarfinsa. Shi ya sa a wurare da dama jarrabawar wannan kwas ta koma kan kwamfuta, ta koma canki-canka, yaron ya sake haɗuwa da abin da ya baro a JAMB. Ni ban ga laifin malamin a nan ba. Wanda ya ba mutum ɗaya ɗaruruwan ɗalibai ya ce ya koya musu rubutu, shi ya riga ya yanke cewa ba za a yi rubutun ba.

A saman waɗannan malamai akwai daraktan sashen kwasa-kwasan bai-ɗaya, babban malami da ake naɗawa na wani wa'adi daga kowane fanni. Jadawali da ɗakunan lacca da haɗa sakamakon dubban ɗalibai su ne ke cinye masa lokaci.

Ma'aikatan laburare su ne waɗanda aka fi raina wa aiki, alhali rabin abin da ake kira rubutun jami'a a hannunsu yake. Ɗan ƙauye da ya saba ganin laburare a matsayin ɗakin da ake kulle littattafai, ɗauka yake mutumin da ke zaune a teburin nan mai gadi ne. Ƙwararren jami'in laburare digiri gare shi a kimiyyar laburare da bayanai, fannin da ake karantawa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da yawansu har da digiri na biyu da na uku. Suna da hukumar rajista tasu da aka kafa da dokar 1995, kuma shugaban laburare yana cikin manyan jami'an jami'a, sahu ɗaya da magatakarda da ma'aji. Su ne suka san yadda ake nemo maƙala a rumbunan intanet da jami'a ta biya wa kuɗi, yadda ake bambance mujallar kirki da ta 'yan kasuwa, da yadda ake ambaton wanda aka ɗauko maganarsa bisa tsarin APA ko waninsa. Wannan na ƙarshen yana da wuya ga yaranmu saboda wani dalili da ba a cika faɗa ba. Yaro ya tashi a tarbiyyar da kawo maganar malami yadda take, ba ƙari ba ragi, shi ne alamar ilimi da amana. Ya zo jami'a an ce masa in ya kwafo sakin layi daga littafi bai sa alama ba, sata ya yi. Sai an samu wanda zai zauna ya warware masa cewa isnadi ake nema, a faɗi wa ya ce, a ina, a wace shekara, sannan a ji kai me ka ce. Da zarar an kawo masa shi ta wannan fuskar yakan gane nan take. Tun da kwas ɗin laburare ya fita daga jerin na dole, ya rage wa kowace jami'a ta ga ko za ta mayar da shi cikin kashi 30 bisa ɗari na manhaja da NUC ta bar mata ta cike da kanta.

Daga aji biyu zuwa sama, rubutun ɗalibi ya koma hannun malaman sashensa. Masanin ƙasar noma ne zai karanta rahoton gwajinsa, injiniya ne zai sa hannu a littafin da ya cike lokacin koyon aiki na SIWES, masanin tattalin arziki ne zai duba masa kundi. Waɗannan sun san fanninsu, sun kuma san kamannin rubutu mai kyau a fannin, domin rahoton ɗakin gwaji da maƙalar tarihi ba tafiyarsu ɗaya ba. Sai dai yawancinsu ba a taɓa koya musu koyar da rubutu ba. Su ma da jan biron nasu malamin suka koya. Don haka gyaran yakan zo a dunƙule: a ja layi a gefen shafi, a rubuta kalma ɗaya mai nufin a sake. Ɗalibi ya karɓa da hannu biyu ya ce, “To Malam, na gode, Allah ya ƙara girma,” ya fito bai san me zai sake ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya koma ya tambaya ba. Malamin ma yana da wasu goma ko ashirin a layi. Akwai malaman da ke zaunar da ɗalibi su bi babi layi-layi, kuma duk wanda ya yi jami'a zai iya kiran sunan irinsu ɗaya ko biyu har ya tsufa. Amma halin kirkinsu ne ya sa, tsarin bai tilasta musu ba. A ƙarshe akwai mai jarrabawa na waje, babban malami daga wata jami'a da ake gayyatowa ya tabbatar an kiyaye ma'auni. Shi alƙali ne, ya zo ne bayan an gama shuka da girbi.

Maganar baka ta fi rubutu zama marainiya. Rubutu ko ba komai yana da kwas. Magana a gaban jama'a kuwa layi ɗaya ce a cikin manhajar GST 111, kuma a ɗakin da mutum ɗari biyar ke zaune, wasu a kan taga, ba yadda za a yi kowa ya tashi ya yi minti uku. Malamin ilimin furuci zai iya nuna wa Bahaushe bambancin p da f, da yadda zai daina cusa wasali tsakanin baƙaƙen da Turanci ke jerawa. Inda akwai ɗakin koyon harshe mai na'urori, akwai ma'aikacin fasaha da ke kula da shi, in da wuta. Wannan yana da amfani, amma ba lafazi ne ke kayar da yaranmu ranar kare kundi ba.

Abin da ke kayar da su tarbiyya ce mai kyau da ta zo wurin da ake fassara ta da wani abu daban. Yaron gidan mutunci a karkarar Kano ko Jigawa an hore shi in babba na magana ya sunkuyar da kai, kada ya haɗa ido, kada ya ɗaga murya, in an gyara masa ya ce haka ne ko da bai gamsu ba. A zauren kare kundi, farfesa zai ƙalubalance shi da gangan don ya ga ko zai tsaya a kan hujjarsa. Yaron ya san amsar, ya yi wata uku yana zagaya gonaki da takardar tambayoyi, amma sai ya dubi ƙasa ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.” Malaman su rubuta cewa bai san aikinsa ba, wataƙila ma wani ne ya yi masa. Ga 'ya mace abin ninki biyu ne, domin ita tun tana ƙarama ake ce mata muryarta kada ta wuce zaure. Wanda zai yi maganin wannan dole ya san gidan da yaron ya fito, ya iya nuna masa cewa akwai hanyar da za ka ce wa babba ba haka ba ne cikin ladabi, kuma a wannan ɗakin ita ake ba maki.

Masu yin wannan aiki a zahiri ba a ɗauke su don shi ba. Akwai malamin da ya ɗora wa kansa kula da ƙungiyar muhawara, yana horar da yara salon majalisar Birtaniya da ake amfani da shi a gasannin jami'o'i: ƙungiya huɗu, kowace mutum biyu, kowa minti bakwai, kuma sai saura kwata a fara ake sanar da batun. Akwai malaman shari'a da ke shirya kotun gwaji. Akwai na sashen aikin jarida da masu kula da gidan rediyon jami'a, irin na Bayero da ke kan mita 98.9, inda ɗalibi ke fara jin muryarsa a iska. Ɗaliban fannin ilimi sun fi kowa sa'a, domin dole su je koyon koyarwa, malami ya biyo su har ajin wata sakandare ya zauna a baya yana rubuta kurakuransu. Sai masallacin makaranta da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda tun 1954 take, inda yaro ke fara miƙewa bayan sallar asuba ya yi tunatarwa ta minti biyar ƙafafunsa na rawa. Ban da koyon koyarwa, duk waɗannan sai wanda ya kai kansa. Ɗan birni da ya yi makarantar kuɗi shi ke fara zuwa, wanda ya fi buƙata kuma yana ɗaki yana haddar handawut. Ƙasar da ta fitar da marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, wanda in ya kama magana da Hausa ko da Turanci ba mai motsi, bai kamata a ce iya magana ya zama rabon 'yan ƙalilan a jami'o'inta ba.

Yanzu sai waɗanda ba su cikin kowace takarda. Na farko ɗalibin aji uku ko huɗu da ke tara ƙannensa da daddare a wani aji da ba kowa, ya sake yi musu laccar da aka yi da rana, amma da Hausa. Yawanci ta ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma ake haɗuwa, 'yan Gwaram da nasu, 'yan Sumaila da nasu. “Yaya, don Allah duba min wannan kafin in kai,” ita ce jimlar da ta ceci yara da yawa. Ba a horar da shi ba, ba a biyansa, wani lokaci ma kuskuren da ya gada yake gadar musu. Amma kusan shi kaɗai ne a duk jerin nan da ke zama kafaɗa da kafaɗa da yaron, takarda a tsakaninsu.

Na biyu mai shagon buga takardu a bakin ƙofar makaranta. Sau da yawa mai difloma ne a kwamfuta ko aikin ofis daga wata kwalejin fasaha, ko mai digirin da bai samu aiki ba. Ya san ƙa'idar kowane sashe fiye da wasu malaman: faɗin gefen shafi, girman harafi, tazarar layi, yadda ake jera manazarta, launin bangon da za a ɗaure kundi da shi. Yana bugawa yana gyara Turancin da ya ga ya karkace, ɗalibi bai ma san an gyara ba, balle ya koya. A cikinsu akwai masu amana, akwai kuma waɗanda kwamfutarsu cike take da tsofaffin kundaye, a canza suna da garin da aka yi bincike a miƙa maka. Jami'o'i sun tunkari wannan da manhajojin gano kwafe, irin su Turnitin da EagleScan wadda kwamitin shugabannin jami'o'in Nijeriya ya ƙaddamar a 2021. Daga ƙarshen 2022 kuma ChatGPT ya shigo, yana rubuta babi guda kafin shayi ya huce. Manhajar kama ɓarawo tana da ranarta, sai dai ba ta taɓa koya wa kowa rubuta jimla ba.

A wasu ƙasashen an tattara wannan aiki da ke warwatse an ba shi ɗaki da ma'aikata. Jami'ar Iowa a Amurka ta buɗe ɗakin taimakon rubutu tun 1934. Ta Purdue ta buɗe nata a 1976 ƙarƙashin Muriel Harris, daga baya ya hau intanet har ɗalibai a ko'ina suke amfana da shi. Jami'ar Brown a 1982 ta fara jingina ɗaliban da aka horar ga wasu kwasa-kwasai, su karanta daftarin 'yan'uwansu kafin ya isa ga malami. Wasu, kamar Stanford, sun haɗa rubutu da magana a cibiya ɗaya, ɗalibi ya je ya gwada jawabinsa a gaban mai horarwa. Shugaban irin wannan cibiya yawanci digirinsa na uku a kan koyar da rubutu da balaga yake, domin a can fanni ne da ake karantawa. A ƙarƙashinsa akwai mai tsara aiki, sai masu zama da ɗalibai, waɗanda akasari ɗalibai ne su ma, daga kowane fanni, an tace su, an horar da su, ana biyansu gwargwadon sa'o'in da suka yi. Zaman rabin sa'a ne zuwa sa'a ɗaya, mutum da mutum. Ƙa'idarsu ita ce ba sa riƙe maka biro kuma ba sa ba da maki. Tambayarka za su yi me kake son faɗa a nan, ka faɗa da baki, su ce to rubuta hakan.

Misalin da ya fi kusa da mu na Afirka ta Kudu ne. Cibiyoyinsu na farko a 1994 suka buɗe, a Kef Tawun da Johannesbag, daidai lokacin da mulkin wariya ya faɗi, 'ya'yan baƙaƙe da suka yi makarantu marasa galihu suka fara kwarara jami'a da Turancin da ba harshen gidansu ba. Matsalar yaron Soweto a wancan lokaci ita ce ta yaron Kiyawa a yau.

Kuma ba sai mun je nesa ba kafin mu gane hikimar abin. A tsangayun ƙasar Haɗeja da Gumel, almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya ji karatunsa shi kaɗai, ya kuma duba rubutun. Malam ɗaya ba zai iya da kowa ba, don haka gardawa ke kula da ƙolaye, su kuma gardawan su kai nasu allunan zaman darasu a bi su harafi-harafi, ko ɗigo ya ɓace sai an nuna. Babba na duba na ƙasa da shi, kowa ana ganin aikin hannunsa, kuma ba a wucewa sai an gyara. Yaron da ya fito daga wannan tsari ya shiga ɗakin lacca mai lasifika, shekara ta zagayo ba wanda ya ga rubutunsa, dole ya ji kamar ba karatu ake ba.

Kada kuma a ɗauka duk matsalar Turanci ce. Malaman sassan harsunan Nijeriya, inda ake rubuta kundi da Hausa, su ma kuka suke. Ɗalibi Bahaushe gaba da baya ya kasa raba kalmomin da ake rabawa, ya bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, kuma ya cika shafi uku ba a gane inda ya dosa ba. Jera hujja, sanin abin da za a fara da shi da abin da za a bari, wannan aiki ne na tunani kafin ya zama na harshe. A ganina nan ne malaman Hausa ke da rawar da ba a ba su ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya tun 1969, da ƙwararru a fassara da ƙa'idojin rubutu. Yaron da zai iya zama a majalisar ƙofar gida ya warware dalilin da ya sa farashin taki ya tashi, ɗaya bayan ɗaya har a gamsu, ya riga ya iya rabin aikin. Mai taimakon da ke jin harsunan biyu zai ce masa ya faɗa da Hausa tukuna, su tsara shi tare, sannan a juya. Wanda bai jin Hausa zai ga gurguwar jimla ce kawai, ba zai san akwai lafiyayyen tunani a bayanta ba.

Kuɗin gini da na tura malamai ƙaro karatu da na littattafan laburare a jami'o'in gwamnati, kaso mai tsoka daga asusun TETFund yake fitowa, wanda dokar 2011 ta kafa a kan harajin ribar kamfanoni. Ɗakin taimakon rubutu ba ya buƙatar sabon bene. Kusurwa ɗaya a laburare ta isa, da tebura da kujeru. Abin da yake buƙata mutane ne da yanke shawara, kuma shawarar a hannun majalisar malaman kowace jami'a take: a ware malami ɗaya a rage masa kwasa-kwasai ya riƙe wurin, a sa wannan aiki cikin abin da ake ƙirgawa ranar ƙarin girma, a ɗebo ɗaliban digiri na biyu, inda ba su da yawa a ɗauki zaƙaƙuran 'yan aji uku da huɗu, maza da mata, domin akwai yarinyar da ba za ta taɓa zama da namiji ita kaɗai a kan takarda ba. Kashi 30 ɗin nan na manhaja ma yana iya ɗaukar kwas na biyu na rubutu a aji uku, dab da fara kundi, lokacin da ɗalibi ya san yana buƙatarsa.

Wahalar ita ce masu taimakon suna gama karatu duk shekara, don haka horarwar ba ta ƙarewa, kuma in ba a biya su ba za su watse da zarar jarrabawarsu ta matso. Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa a Kano da Jigawa sun saba saya wa yara fom ɗin JAMB ana ɗaukar hoto. Ɗan abin da za a ware daga irin wannan kuɗi a riƙa bai wa manyan ɗaliban ƙaramar hukumar alawus duk zango, bisa sharaɗin jami'a ta horar da su kuma ta riƙe rajistar wanda suka zauna da shi, zai biya mutanen da dama can su ke yin aikin kyauta da fitilar waya.